Yaran ƙauyen Kambodiya da karatun da ake cewa kyauta ne

Duk lokacin da aka ɗauko maganar yaran da basa zuwa makaranta a ƙasashen talakawa, amsar da ta fi saurin fitowa daga bakin mutane ita ce wai iyaye ne basu san darajar ilimi ba, a je a wayar musu da kai. Wannan maganar ta daɗe tana ƙona min rai wallahi, kuma in akwai ƙasar da take ƙaryata ta a fili to Kambodiya ce, can kudu maso gabashin Asiya. Mutanen ƙauyen Kambodiya suna kai 'ya'yansu makaranta, kusan duk yaron da ya isa shiga firamare ana rubuta sunansa, a shekarun baya alƙaluman gwamnati sun nuna sama da kashi 95 cikin 100. Amma hukumar UNICEF ta ce kafin su kai shekara 17, kashi 55 cikin 100 na matasan ƙasar sun riga sun bar karatu. To uban da ya riƙe hannun ɗansa ya kai shi aji ɗaya da kansa, yaushe ya manta darajar ilimin har ya cire shi a aji bakwai? Ni a ganina bai manta komai ba, lissafi ya yi, kuma abin baƙin cikin shine sau da yawa lissafin nasa daidai ne.

Sai an ɗan koma baya kafin a gane inda ƙasar ta taso. Daga 1975 zuwa farkon 1979 'yan Khmer Rouge, wato gwamnatin kwaminisanci ƙarƙashin Pol Pot, sun rufe makarantu, sun kwashe mutanen birni sun tura su gonaki, mutum kusan miliyan 2 suka mutu ta hanyar kisa da yunwa da cuta, kuma masu ilimi suna cikin waɗanda aka fara nema, malamai da likitoci da duk wanda aka ga alamar ya yi boko. Gidan yarin Tuol Sleng da ke Phnom Penh babban birnin ƙasar, wanda aka azabtar da dubban mutane a ciki, asalinsa makarantar sakandare ce, azuzuwa aka yanka da bulo aka mai da su ɗakunan tsare mutane. Da aka kori gwamnatin a 1979 mafi yawan malaman ƙasar ko dai sun mutu ko sun gudu, dole aka tattaro duk wanda ya ɗan iya karatu aka ba shi alli, wanda ya sani da yawa ya koyar da wanda ya sani kaɗan, wanda ya sani kaɗan ya koyar da wanda bai san komai ba. Kakannin yaran yanzu su ne wancan zamanin, da yawansu basu taɓa zama a aji ba. Saboda haka ƙasar da ta tashi daga nan ta kai ga kusan kowane ƙauye da firamare, gaskiya ta yi ƙoƙari, ban zo in rage mata wannan ba. Tsarin mulkin 1993 ya ce gwamnati za ta ba da ilimi kyauta, kuma kowane ɗan ƙasa zai samu aƙalla shekara 9 yana karatu, sannan a farkon shekarun 2000 aka soke kuɗin rajista, yara suka yi ta tuɗaɗowa.

Amma kyautar nan a takarda take. Yawancin makarantun gwamnati rabin yini ake yi, wasu yara su zo da safe daga bakwai zuwa sha ɗaya, wasu su zo da rana daga ɗaya zuwa biyar, saboda azuzuwa da malamai basa isa. Sa'a 4 kenan in ma malamin ya zo kuma ya zo a kan lokaci. Sauran rabin yinin kuma akwai abin da suke kira rien kuo, wato dai lesin da muka sani, sai dai nasu malamin ajinka ne da kansa yake yi, sau da yawa ma a cikin ajin da kuka tashi yanzu, a kan allon nan dai. Ka dubi yadda abin yake: an buga ƙararrawar tashi, yaran da suka zo da 'yan kuɗinsu a aljihun riga suna zaune basu motsa ba, sauran suna tattara littattafai suna fita, malam yana goge allo zai fara bayanin lissafin da ɗazu ya bi ta kansa da gudu. Wanda ya fita ya san abin da za a yi bayan fitarsa shine zai fito a jarrabawar wata, kuma ya san malam ya ga fitarsa. Kuɗin ba wani mai yawa bane a ido, 'yan ɗaruruwa zuwa dubu ɗaya ko biyu na riel, kuɗin ƙasar, kuma riel 4,000 ne kusan dala ɗaya, amma kullum ne, kuma da an shiga sakandare kowane darasi da malaminsa da kuɗinsa, lissafi daban, kimiyya daban, harshen ƙasar wato Khmer daban, ga kuɗin takardun da ake bugowa ana sayarwa, ga yunifom farar riga da shuɗin siket ko wando, ga abin da za a ci. In kana da yara uku ko huɗu kuma abin da kake da shi ɗan fegin shinkafa ne da ake girbewa sau ɗaya a shekara, ai ka san dole wani a cikinsu ya haƙura.

Bana son in ɗora wa malamai laifin gaba ɗaya, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Shekaru da yawa albashin malamin firamare a ƙasar bai kai dala 100 a wata ba, kuma baya zuwa a kan lokaci, mutum yana da iyali, to ko ya yi lesin ko ya yi acaɓa da yamma ko ya koma gona. Bayan 2013 gwamnati ta ninka albashin har ya haura dala 300, wannan abin a yaba ne, amma al'adar ta riga ta kafu, iyaye sun saba, malamai sun saba, har ta kai yaron da baya zuwa lesin shi ake gani kamar bai damu da karatu ba. Mu ma nan mun san wannan kyautar da ake bi ta bayan gida ana karɓe ta, yau kuɗin PTA gobe kuɗin tsintsiya jibi kuɗin jarrabawa, don haka ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Sai maganar hanya, wadda ni ita na fi ganin ana rainawa. Makarantun firamare na gwamnati a Kambodiya sun haura 7,000, amma in ka haɗa ƙananan sakandare da manya duka basu kai 2,000 ba. Ma'ana yarinyar da ta yi shekara 6 tana takawa da ƙafa zuwa makarantar da take bayan gidan ibadar ƙauyensu, ranar da ta gama aji shida sai a ce mata aji bakwai yana can wani gari, kilomita 5 ko 10 ko fiye. Da rani jar ƙura ce da zafin da a watan Afrilun 2024 sai da ma'aikatar ilimi ta rage lokacin zaman aji saboda tsananinsa, da damina kuma hanyar laka ce, wani wurin ruwa ya shanye ta gaba ɗaya. In gidan akwai keke to guda ɗaya ne, kuma uban yana buƙatarsa, in babur ne sai an zuba mai. Uwa kuma tana tunanin 'yarta mai shekara 13 ita kaɗai a hanyar da ta ratsa gonakin roba ko na rogo da asuba. Wace uwa ce ba za ta yi wannan tunanin ba? Shi ya sa in ka duba inda yara suka fi zubewa, tsakanin aji shida da aji tara ne, daidai inda makaranta ta yi nisa kuma kuɗin lesin ya ninka.

A tafkin Tonle Sap abin ya ma fi haka. Tafkin nan da damina kogin Mekong yana turo ruwa baya ya cika shi har ya ninka girmansa sau huɗu ko biyar, kuma dubban iyalai masunta a kan ruwan suke zaune, gidajensu suna yawo ko kuma suna kan dogayen turaku, irin su ƙauyukan Kampong Khleang da Kampong Luong da Prek Toal. Makarantar ma wani wurin a kan ruwa take, tana matsawa yadda ruwan ya ja ko ya ƙaru. Yaro sai da kwale-kwale zai je, kwale-kwalen kuma shine jarin gidan, da shi ake kamun kifin da za a ci, in uba ya fita da shi tun duhun asuba shikenan yau babu makaranta. Akwai kuma waɗanda nasu ya fi na kowa ciwo, 'yan asalin Biyetnam da aka haife su a kan tafkin, iyayensu ma nan aka haife su, amma da yawansu basu da takardar haihuwa balle ta zama ɗan ƙasa, kuma ba takardar haihuwa makarantar gwamnati bata karɓarka. Yaron nan ko iyayensa sun fi kowa son boko ƙofar a rufe take tun kafin ya ƙwanƙwasa.

Can arewa maso gabas kuma, lardunan Ratanakiri da Mondulkiri, ƙabilun tsaunuka ne, Tampuan da Kreung da Bunong da Brao da Kavet da Jarai, kowa da harshensa. Yaro ɗan shekara 6 da bai taɓa jin Khmer ba sai a zaunar da shi gaban malamin da aka turo daga kudu wanda shi ma baya jin ko kalma ɗaya ta harshen yaron, su wuni suna kallon juna, bayan wata biyu yaron ya daina zuwa, malamin ma yana neman hanyar da za a mai da shi gida. A nan dai an yi abin kirki, ƙungiyar CARE ta fara makarantun harshe biyu a Ratanakiri tun 2002, ana ɗauko matasa daga cikin ƙauyen a horar da su, yaro ya fara da harshen uwarsa ana shigo masa da Khmer a hankali har zuwa aji huɗu, daga baya gwamnati ta karɓi tsarin ta fitar da shirin ƙasa a kansa a 2015. Inda aka yi haka yara sun zauna. Iyayen da ake cewa basa son karatu su ne suka sari itace suka gina azuzuwan da hannunsu. Har yanzu dai yankin ne a baya wajen kammala makaranta, kuma nan ne auren wuri ya fi yawa a ƙasar, amma an ga abin da yake faruwa in aka cire shinge ɗaya tak. Haka ma Musulman ƙasar, 'yan ƙabilar Cham da suka fi yawa a Kampong Cham da Tboung Khmum, akwai 'yan matan da suke barin makaranta saboda yunifom bai yarda da ɗankwali ba, har sai 2008 da firaminista na lokacin Hun Sen ya ba da umarnin a bar su su saka hijabi. Umarni ne na 'yan layuka, bai ci ko sisi ba.

Yanzu bari in zo kan abin da nake ganin shine uwa uba, wato bashi. Kambodiya tana cikin ƙasashen da ƙananan bankunan ba da rance suka fi yi wa katutu a duniya. A 2019 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan adam ta LICADHO tare da wata ƙungiyar mai suna STT sun fitar da rahoto, a lokacin mutum kusan miliyan 2.4 ne ake bi bashin da ya kai dala biliyan 8, in aka raba kowanne ana binsa sama da dala 3,000, kusan ninki biyu na abin da ɗan ƙasar yake samu a shekara. Kuma abin da ake karɓa jingina takardar gona ce ko ta filin gida. Mutum ya ci bashin ne don ya sayi taki, ko matarsa ta kwanta asibiti, ko fari ya cinye shinkafar bara, ko ma don ya biya wani bashin. Ƙarshen wata ma'aikacin banki zai zo a babur da jakarsa, baya jin damina bata yi kyau ba, kuma kowa a ƙauyen ya san gidan da aka sayar da gonarsu. To a irin wannan gidan, in aka zauna da daddare ana duba wa zai iya kawo kuɗi, ido a kan wa zai faɗa? Kan yaron nan ɗan shekara 14 ko 15 mana. Rahoton ya kawo iyalan da suka rage cin abinci, da waɗanda suka tafi ci-rani, da waɗanda suka cire yara daga makaranta suka tura su aiki, duk don kar a rasa gonar.

Kuma aikin yana nan yana jira, wannan shine bambancin Kambodiya da wurare da yawa. Masana'antun ɗinki da takalma suna ɗauke da ma'aikata ɗaruruwan dubbai, mafi yawansu mata 'yan ƙauye, su ne suke ɗinka kayan da ake sayarwa a manyan shagunan Turai da Amurka. Mafi ƙarancin albashi a wannan fannin dala 204 ne a wata a 2024, ya koma 208 a 2025. Doka ta yarda a fara aiki daga shekara 15, wadda bata kai ba ma sau da yawa katin yayarta take ara. Da asuba za ka ga manyan motoci buɗaɗɗu a hanyoyin Kampong Speu da Takeo da Svay Rieng, 'yan mata a tsaye cunkus suna riƙe da ƙarfe, ana kai su ƙofar kamfani. Su kuma samari sai aikin gini a Phnom Penh ko Sihanoukville, ko su tsallaka Tailan ta garin iyaka na Poipet, gonakin rake da rogo da jiragen kamun kifi, kafin rikicin iyakar ƙasashen biyu na 2025 'yan Kambodiya sama da miliyan ɗaya ne suke aiki a can. Abin da zai ba wasu mamaki, yanzu a ƙasar maza sun fi mata barin makaranta, 'yan matan sun fi kammalawa kuma sun fi cin jarrabawa, saboda ƙarfin namiji ɗan shekara 14 ya riga ya zama kuɗi.

Akwai wani abu da yake haɗa duk wannan wanda ba a cika faɗa ba. Shekarar shiga aji ɗaya 6 ce a doka, amma yaran ƙauye da yawa sai 7 ko 8 ko 9 suke shiga, wani saboda ya yi ƙanƙanta a jiki iyayen suna ganin ba zai iya tafiyar ba, kuma ƙanƙantar nan ta rashin abinci ce, a binciken lafiya na 2014 kusan yaro ɗaya cikin uku 'yan ƙasa da shekara 5 ya tsumbure, ya ragu zuwa kashi 22 a binciken 2021 zuwa 2022. Ya shiga a makare, ya maimaita aji sau ɗaya ko biyu saboda lokacin dashe da girbi baya zuwa, to kafin ya gama aji shida ya kai 14 ko 15, ya fi kowa tsawo a ajin, kunya tana damunsa, ga abokansa sun dawo daga Tailan da waya da sabon babur lokacin bikin sabuwar shekarar Khmer a watan Afrilu. Wa zai riƙe shi?

In iyayen ne suka tafi ci-ranin, yaran kaka ake bar wa, kakar nan da na ce ta taso zamanin da aka rufe makarantu, ga tsufa ga jikoki huɗu ko biyar, bata iya duba littafi ta ga ko an yi aikin gida ba, babbar jikar ita ce mai dafa abinci da goyon ƙarami. In kuma aka tafi da yaran, sun bar aji a tsakiyar zango, in sun dawo sai a ce su maimaita. Da faɗa ya ɓarke tsakanin Kambodiya da Tailan a watan Yulin 2025, ɗaruruwan makarantu aka rufe a lardunan bakin iyaka irin su Oddar Meanchey da Preah Vihear, ma'aikata masu ɗimbin yawa suka dawo gida ba aiki, bashin kuma yana nan inda suka bar shi.

Ƙarshen wannan hanyar ta bashi shine wurin gasa bulo, kuma duk wanda ya karanta abin da LICADHO ta rubuta a 2016 da binciken da masana na jami'ar Royal Holloway ta Landan suka fitar a 2018 ba zai manta ba. Manomi ya kasa biyan banki, sai mai gidan bulo ya biya masa, shi kuma ya kwaso matarsa da 'ya'yansa su koma zama a gefen murhun su yi ta aiki har su biya. Ana biya ne gwargwadon yawan bulon da aka yi, don haka kowane hannu a gidan yana da amfani, har na ɗan shekara 10. Yara suna tura laka cikin injin da yake murɗe ta, akwai waɗanda injin ya cinye musu hannu, suna jido bulo a cikin hayaƙin ragowar yadin kamfanonin ɗinki da ake ƙonawa a madadin itace. Bashin baya ƙarewa, in uba ya mutu ya hau kan ɗa. Bulon nan kuma shi ake gina dogayen benayen Phnom Penh da shi. Ka je ka tsaya gaban wannan uban ka ce za ka wayar masa da kai a kan muhimmancin ilimi, wallahi ni kunya ma za ta hana ni.

To a ce ma yaro ya tsallake duk wannan ya zauna a aji, me yake samu? Nan ne lissafin iyayen yake ƙara ƙarfi. A gwajin auna ɗalibai na duniya da ake kira PISA, ɓangaren ƙasashe masu tasowa, da aka yi a 2017, kashi 8 cikin 100 ne kawai na ɗaliban Kambodiya 'yan shekara 15 suka kai matakin farko da ake buƙata a karatu, kashi 10 a lissafi, kuma fa waɗannan su ne waɗanda suka rage a makaranta. A 2014 da ministan ilimi Hang Chuon Naron ya toshe satar amsa a jarrabawar aji 12, aka hana shiga da waya da takardu aka kawo masu sa ido, waɗanda suka ci suka faɗo daga sama da kashi 80 a shekarar da ta gabata zuwa kusan kashi 26, ɗalibai 11 kacal suka samu A a duk faɗin ƙasar. Ministan ya yi jarumta, kuma sakamakon ya yi ta gyaruwa a shekarun da suka biyo, amma abin da wannan shekarar ta tona shine an daɗe ana sayar wa talaka takarda ba ilimi a ciki. Sannan korona ta zo ta rufe makarantu mafi yawan 2020 da 2021, aka ce a koma karatu ta intanet da talabijin, a gidan da waya ɗaya ce kuma tana hannun uban da yake Tailan. Uwar da ta ga ɗanta ya shekara 5 yana zuwa makaranta amma bai iya karanta mata takardar bankin da ta dangwala wa hannu ba, in ta ce ya isa haka, da wane baki za a ce mata ta yi kuskure?

Kuma duk da haka suna nema, wannan ne yake taɓa min zuciya. Iyaye suna kai 'ya'yansu maza gidan ibadar Buddha su zauna wurin malaman addininsu, su yi musu hidima su samu abinci da wurin kwana da damar zuwa makaranta a gari, abin da duk wanda ya san almajirci zai gane shi nan take, rabuwa da ɗa don a sama masa abin da babu a gida. Wasu kuma gidan marayu suke kai su alhali suna raye, binciken da aka yi ya nuna kusan uku cikin huɗu na yaran da ke gidajen marayun ƙasar suna da uwa ko uba a raye, kuma babban dalilin da iyayen suke bayarwa shine karatu, an ce musu can akwai makaranta da Turanci da abinci sau uku. Wasu gidajen kuma kasuwanci suke da yaran, ana nuna su ga 'yan yawon buɗe ido a Siem Reap ana karɓar sadaka. Mutumin da ya yarda a kira ɗansa maraya don ya yi karatu, shi za a ce bai san darajar ilimi ba?

Abin da yake aiki ma an riga an gwada an gani a ƙasar. A farkon shekarun 2000 an ba 'yan mata talakawa masu shiga aji bakwai tallafin dala 45 a shekara, masana biyu na Bankin Duniya, Deon Filmer da Norbert Schady, suka bi diddigi suka ga zuwansu makaranta ya ƙaru da kusan maki 30 cikin 100. Dala 45 fa a shekara guda. Babu wani taron faɗakarwa da ya taɓa yin rabin wannan. Sai dai binciken da suka yi daga baya a kan irin wannan tallafin ya nuna yaran sun ƙara daɗewa a makaranta amma sakamakonsu a gwaji bai ƙaru ba, wanda yake nuna kuɗin yana kawo yaro aji ne kawai, abin da zai tarar a ajin aikin gwamnati ne. Abincin safe da Hukumar Abinci ta Duniya ta fara rabawa a makarantu tun 1999, wanda yanzu gwamnati take karɓa a hankali tana sayen shinkafa da ganye da kifi daga manoman yankin, shi ma yana kawo yara da wuri kuma yana zaunar da su. Makarantun zamani da ake kira New Generation Schools, irin wadda aka yi a sakandaren Preah Sisowath a Phnom Penh, an hana lesin na kuɗi a cikinsu an ƙara wa malamai alawus an tsawaita lokacin karatu, kuma suna kyau, amma 'yan kaɗan ne kuma yawanci a gari, ɗan masuncin Tonle Sap ko labarinsu bai ji ba.

Ni abin da nake gani shine tallafin da gwamnati take ba yaran gidajen da suke da katin talauci na IDPoor, kusan dala 60 a shekara, ba zai iya ja da albashin kamfanin ɗinki na sama da dala 200 a wata ba, ko kusa. Dole a ƙara shi sosai daga aji bakwai zuwa tara, a kuma biya shi a farkon zango lokacin da ake sayen yunifom da gyaran keke. A gina ƙananan sakandare a jikin firamaren da suke akwai ko da aji uku ne, inda ba zai yiwu ba a yi ɗakunan kwana masu tsaro musamman na 'yan mata. Malamin da ya yarda ya zauna a Ratanakiri ko kan tafki a ba shi gida da ƙarin da zai sa ya zauna ɗin da gaske, sannan a hana kowane malami karɓar kuɗin lesin daga ɗaliban ajinsa, a tsaya a kan hanin. Yaron da aka haifa a ƙasar a rubuta shi a makaranta ko da takarda ko babu. Amma ko an yi duk wannan, ma'aikatar ilimi ita kaɗai ba za ta iya ba, don rabin matsalar tana teburin Babban Bankin Kambodiya ne da yake ba masu ba da rance lasisi, da ma'aikatar ƙwadago da ya kamata jami'anta su riƙa shiga gidajen bulo da ƙananan kamfanonin ɗinki ba tare da sanarwa ba. Babban bankin yana da ikon hana karɓar takardar gonar da iyali suke ci daga ita a matsayin jinginar ƙaramin rance, kuma yana da ikon tilasta a sassauta biya a shekarar da fari ko ambaliya ta cinye amfanin gona, ya kamata ya yi amfani da ikon nan.